Wa Ke Riƙon Baƙon Yaro: Sunan Shiri ko Mai Masauki?

Jawabin da aka yi wa ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan ƙasar Rano da Kibiya a garin Rurum, lokacin hutu



An umarce ni in yi magana a kan irin shirye-shiryen nan da hukumomi da ƙungiyoyi ke ƙagowa, su raɗa musu suna, su yi musu tambari da riga, da nufin gyara rayuwar matasa baƙi. Fagen yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan mutum guda, watau yaron da ya fita ƙuruciya bai shiga girma ba, ɗan shekara 13 zuwa 19, wanda daren jiya ya kwana a garin da ba wanda ya san ubansa. Abin da na ke so mu bincika shi ne, idan aka buɗe wa wannan yaro shiri, mene ne a cikin shirin ke riƙe shi har ya zama mutum?

Ba sai mun yi nisa wajen nemansa ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka soma a 1971 zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasarmu ta zama gida mai ƙofa biyu. Ta ƙofa guda namu ke fita da zarar an kai amfanin gona rumbu. Wasu su nufi birnin Kano, wasu Kaduna da Abuja, wasu har Agege da Idi-Araba a Ikko, su yi ga-ruwa, su yi yankan farce, su tura baro, su bi bola neman ƙarfe, in sun yi ƙarfi su karɓi babur. Wasu malam ne ya tafi da su da allo a hannu. 'Yan mata kuwa dillaliya ce kan zo ta kai su aikatau gidajen birni, a riƙa aiko wa uwa kuɗin wata tana tara kayan ɗaki. Ta ɗaya ƙofar baƙi ke shigo mana, masunta a bakin ruwan Tiga, da samarin da ke bin gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, su dasa shinkafa, su tsinki tumatir, su yi dakon kwanduna a Kwanar Gafan. Mu kan yi kuka da yadda a ke wulaƙanta namu a can, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar inda waɗannan ke kwana.

Mene ne yaro ke rasawa ran da ya hau mota a tashar Rano? Galibi mu kan ce abinci da makwanci, kuma haka ne. Amma akwai abin da ya riga waɗannan ɓacewa, shi ne suna. A Rurum shi ɗan wane ne, jikan wane. In ya yi abin kunya a kasuwa, kafin ya isa gida labari ya riga shi, kuma kowane dattijo a kan hanya yana da ikon tsawata masa. Haka kuma in ya faɗi, ba a rasa mai ɗaga shi saboda darajar gidansu. A birni sai a tuɓe masa wannan suna a ba shi na taro: almajiri, baƙauye, ɗan ci-rani, a Kudu kuma a kira shi "aboki" da irin muryar da ba ta da dangantaka da abota. Wannan kuwa yana faruwa ne daidai shekarun da ɗan Adam ya fi matsuwa ya san ko shi wane ne, ya kuma ga akwai waɗanda ke lissafi da shi.

Masu ba da suna ba su yi ƙaranci a birni ba. Ina roƙonku ku dubi daba da idon mai nazari, ku ajiye tsoro da ƙyama na ɗan lokaci. Daba tana da suna, tana da unguwa, tana da laƙabi ga kowane sabon shiga, tana da wurin zama da dare, in an taɓa ɗaya sauran su tashi. Ba ta neman takardar haihuwa, ba ta rufe ofis ƙarfe huɗu, ba ta jiran a amince da kasafin kuɗi. Abin da ta ke karɓa a madadin wannan hidima shi ne hankalin yaron, ta hanyar ƙwaya da sholisho da maganin tari, daga baya kuma ransa ko 'yancinsa. Kun tuna sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da BBC ta nuna wa duniya irin ɓarnar da ya ke yi, a Kano musamman. Iyayenmu da ke nan kuma ba su manta da Disambar 1980 ba, lokacin da rikicin Maitatsine ya tashi a 'Yan Awaki, kwamitin bincike ya ƙidaya mutum fiye da 4,000 da suka mutu. Masanin nan Paul Lubeck, wanda ya yi nazarin Kano, ya nuna cewa da yawa cikin mabiyan gardawa ne baƙi, waɗanda tsadar zamanin kuɗin mai ta rufe musu zaurukan da a da su ke kwana, ta kuma cinye ƙananan sana'o'in da su ke ci da su. Duk shirin da za a buɗe wa baƙon yaro, da irin waɗannan ya ke kokawa, ko masu shi sun sani ko ba su sani ba.

Yanzu bari in ɗauke ku zuwa Amurka na ɗan lokaci, domin su ma suna da nasu 'yan ci-rani, kuma a can an zauna an yi nazari musamman a kan wannan batu na suna. Kusa da birnin Washinton, a Jihar Meriland, akwai unguwa mai suna Langley Park, wadda yawancin mazaunanta baƙi ne masu jin Sifaniyanci daga ƙasashen Amurka ta Tsakiya, irin su Salbado da Gwatamala da Honduras. Da yawa cikin matasansu iyaye ne suka riga su tafiya, suka bar su hannun kaka, sai bayan shekaru aka haɗu, uwa da ɗa sun zama kamar baƙin juna. Iyayen suna aiki dare da rana. Yaron ya kan riga uba jin Ingilishi, har ya zama shi ne tafintan gida, kuma kun san gidan da ɗa ke fassara wa uba duniya, riƙonsa sai a hankali. A waje kuma ga ƙungiyoyin tsageru suna jira, irin dabarmu.

Wajen 2013 masana daga Jami'ar George Washington suka haɗa kai da wata cibiyar matasa da dama tana aiki a yankin, suka kafa shiri mai suna Adelante. Kalmar tana nufin a ci gaba, amma kuma ita ce maigida kan faɗa in baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, kamar mu ce bismilla, shigo. Tunaninsu shi ne maimakon a yi ta yi wa yaro wa'azin kada ka sha, kada ka yi faɗa, kada ka bi mata, a gina masa abin da zai ji ƙyashin rasawa: ƙwarewa a wani abu, amincewa da kai, mutanen da ya ke jin nasa ne, da damar ya yi wa unguwarsa wani amfani. Sunan kuwa sun ɗauke shi da muhimmanci irin yadda kamfanin sabulu ke ɗaukar nasa. Sun zauna da matasan kansu wajen tsara yadda za a gabatar da shi, matasan ne suka fito a wasan kwaikwayo na bidiyo da aka sa a intanet, sa'an nan masanan suka riƙa auna yadda yara suka san sunan da yadda suka yarda da shi. Na san wani zai ce tarbiyya ta fi ƙarfin a yi tallarta kamar sabulu, kuma ban ƙi ta tasa ba. Sai dai a lura da abin da ke ƙarƙashin sunan: akwai wurin da yaro zai je bayan makaranta, akwai mai taimaka masa da karatu da neman aiki, akwai ƙwallo, akwai zaman iyaye, akwai ma'aikacin da ke bin gidajen da al'amari ya fi tsanani. A Jami'ar Miami ma an daɗe ana gudanar da wani mai suna Familias Unidas, watau iyalai a haɗe, wanda ya fi mai da hankali a kan iyaye baƙi, yana tara su ƙungiya-ƙungiya su koyi magana da 'ya'yansu, su san malaman makaranta da abokan yaran.

To, mu dawo gida. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen raɗa suna, hasali ma a ganina mun fi su iyawa. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa A Daidaita Sahu domin gyaran ɗabi'un jama'a. Ban taɓa jin sunan shirin hukuma da ya kai wannan daɗi ba. Daga masallaci aka ɗauko shi, tsoho da yaro ba wanda ya nemi a yi masa fassara. An ji shi a rediyo, an gan shi a allunan titi da littattafai. Sa'an nan aka kawo kekuna masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, sunan ya bi su. Da gwamnatin ta sauka a 2011 shirin ya dushe. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, kekunan suka cika gari. Yau ku tambayi ɗan shekara 15 daga Kibiya mene ne adaidaita, zai nuna muku abin hawa. Ba na raina wannan, domin keken ya ciyar da samarin ƙauye masu ɗimbin yawa. Amma abin lura ne cewa sunan ya rayu, aikin da aka raɗa shi dominsa bai rayu tare da shi ba, saboda ofishi ne ke ɗauke da aikin, ofishi kuwa na gwamna ne.

A Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi cikin Sakkwato, aka ci gaba da gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa. Tarayya ta gina, ta miƙa wa jihohi su riƙe. Gini kuwa ba ya dafa tuwo, ba ya biyan malami, kuma alaramman da iyaye suka damƙa wa yaro amana sau da yawa bai ga matsayinsa a cikin tsarin ba. Jaridu sun sha kawo hotunan waɗanda aka bari a kulle ciyawa ta cinye.

Wanda na ga ya fi kusa da gane bakin zaren shi ne Mafita, wanda gwamnatin Biritaniya ta ba da kuɗinsa daga 2015, aka yi shi a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa domin almajirai da 'yan mata da sauran matasan da aka bari a baya. Hikimarsa ita ce ya kai yara hannun masu sana'a na cikin gari, kafinta da tela da makaniki da mai walda, su koya irin koyon da muka gada. Yaron da ya shekara a garejin ubangida ya sami abin da ya fi takardar shaida, ya sami wanda zai ce "yarona ne". Amma shiri ne mai wa'adi, ranar rufe shi tana rubuce tun kafin a buɗe, kuma an rufe.

Akwai wani ƙaramin abu da na ke so ku sani, ko da ya ke bai kai a kira shi shiri ba. A 2011 wasu almajirai a Kano, da taimakon wata mai bincike Hannah Hoechner da cibiyar Goethe ta Jamusawa, suka shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, su suka fito, su suka riƙe kyamara. Abin da suka fi nunawa a ciki shi ne raini, da yadda a ke zarginsu da sata a gidajen da su ke aiki, da ƙoƙarinsu na neman sana'a. Da mu aka ba aikin, da hoton yaro da roba a bakin titi za mu cika shi da shi. Su kuwa mutuncinsu suka sa a gaba, kuma wannan ya isa ya nuna mana cewa abin da mu ke zaton yana damun yaro da abin da ke damunsa ba kullum su ke haɗuwa ba.

Ranar gwaji ta zo a 2020. Da annobar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka shiga mai da almajirai jihohinsu na asali, aka loda yara a motoci daga Kano zuwa Jigawa da Katsina da Kaduna da sauransu, aka sauke wasu da cutar a jikinsu. A waɗannan makonni ba wani suna mai tambari da ya fito ya ce waɗannan nawa ne. A 2023 an sa hannu a dokar kafa hukumar tarayya ta ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Muna yi mata fatan alheri, kuma wasu cikinku na iya samun kansu a teburinta, shi ya sa na ke wannan dogon bayani.

Abin mamaki, Bahaushe ya daɗe da warware wannan matsala, tun kafin a san kalmar shiri. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su sauka a titi ba, zango su ke sauka, kuma har yau akwai zango a Kumasi da Ankara. A Ibadan an kafa unguwar Sabo a 1916, kuma masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969, ya bayyana yadda a ke tafiyar da ita. Baƙo ya kan sauka hannun maigida. Maigida ya ba shi makwanci da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, in rigima ta taso ya kai magana gaban Sarkin Sabo. Yaron da ya zo ba shi da komai ya kan fara da ɗaukar kaya, ya zama yaron maigida, a amince masa da kuɗi, wata rana a yi masa aure. Sunan da ya ke ɗauke da shi a kasuwa sunan mutum ne mai rai, wanda za a iya zuwa ƙofarsa. Haka almajiri ya ke da uwar ɗaki a unguwa, yana yi mata aike da ɗebo ruwa, tana ajiye masa tuwo, in ya yi rashin lafiya ta nema masa magani, wani lokaci ta sa mijinta ya kai shi koyon sana'a. A ƙauye kuma muna da sarkin samari da gayya, inda saurayi ke koyon cewa ƙarfinsa yana da amfani ga wani.

Ba ina cewa wannan tsari ba shi da aibi ba. Maigida na iya cinye gumin yaro shekara biyar ya sallame shi hannu wofi. Gidan aikatau na iya zama kurkuku ga yarinya 'yar shekara 13 wadda ba ta san hanyar tasha ba, kuma abin da ke faruwa da wasunsu a bayan ƙofa ba ya faɗuwa a gaban iyaye. Aibin yana fitowa ne inda ba mai leƙawa. A Sabo ta da, maigidan da ya ci amanar baƙo labarinsa kan riga shi isa Kano, fatake su ƙaurace masa. Birnin yau ya yi girman da wannan tsoro ya ragu. Nan ne na ke ganin aikin ɗan boko ya ke, watau ya zama idon da ke leƙawa, ya kuma kawo abin da tsohon tsari ba shi da shi: rubutu, da sanin doka, da sanin ƙofar asibiti da ta ofishin 'yan sanda.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo. Kusan kowa a ɗakin nan yana zaune a Kano ko Zariya ko Kaduna ko Abuja yawancin shekara, kuma a kowane ɗaya daga waɗannan garuruwa akwai yaran Rurum da Rano da Kibiya da ba mu san inda su ke ba. Mu nemi masu unguwanni da dagatai su yarda a riƙa rubuta duk yaron da zai tafi, ina za shi, hannun wa, kuma wa ya ɗauke shi. Littafi guda da alƙalami sun isa. Sa'an nan kowannenmu ya karɓi biyu ko uku a garin da ya ke. Ban ce ka kwantar da su a ɗakinka na makaranta ba. Ka ba su lambar wayarka, ka je inda su ke kwana sau ɗaya a wata, ka gaisa da malaminsu ko ubangidansu domin ya san akwai mai tambaya, in za a kai yaro koyon sana'a ka zauna a yi yarjejeniya a gabanka a rubuce. In an kama shi, kai za a kira. 'Yan'uwana mata, 'yan aikatau naku ne, domin ku ne ke iya shiga cikin gida ku ga yarinya ido da ido, ku tambaye ta ko tana zuwa makarantar Islamiyya, ko ana barinta zuwa ganin gida da salla.

Ku kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatu, wata rana za a zo muku da sabon shiri, da mota fara da riguna da huluna. Ku karɓa, ba na ce ku ƙi ba. Amma kafin a buga allo ku tambaya, wa ya zaɓi sunan nan, yaran sun ji shi kuwa? Wane mutum ne zai kasance a wurin bayan magariba, lokacin da daba ke buɗe tata ƙofar? In kuɗin ya ƙare, wane kafinta, wane alaramma, wace ƙungiyar mata ce za ta ci gaba da riƙon yaran, kuma an sa su a ciki tun daga farko? In ba a amsa ta ukun ba, ku nemi a rage kuɗin riguna a ƙara wa masu sana'ar da za a bar wa yaran.

Baƙin da ke zuwa mana bakin Tiga da gonakin rani su ma suna da hakki a kanmu irin wanda mu ke nema wa namu. Zaure guda da tabarmi da randa, da izinin shiga ƙungiyar ƙwallon gari, da ma'aikacin lafiya da zai duba masu fitsarin jini, cutar da ba ta rabuwa da masu wuni cikin ruwan rafi, ba su fi ƙarfinmu ba.

Game da suna, na ji wasu tun jiya sun fara kawo shawarwari, har an zana tambari. Ina roƙo a dakata. In aikin ya kama, yaran za su kira shi da wani abu da kansu, sai mu ɗauki wannan mu buga a riga. Magatakarda yana bakin ƙofa da takarda. Wanda ya amince ya rubuta sunansa, da garin da ya ke zaune, da yawan yaran da zai iya karɓa, mu kuma kai wa masu unguwanni kafin motocin bayan kaka su fara tashi.